Ficewa daga ECOWAS: me sashe na 91 ya ce takamaimai?

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar ECOWAS ake ta yawo da maganganu a WhatsApp, wai an rufe boda, wai fasfo mai tambarin ECOWAS ya zama kwali, wai za a daina karɓar sefa. Jama'a a ɗan tsaya a karanta dokar tukuna.

Dokar ficewa tana sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a Kwatano a 1993, kuma gajeriya ce sosai. Ƙasar da ke son fita ta rubuta takarda ta ba da sanarwar shekara guda, in shekarar ta cika ba ta janye takardar ba, to ta fita. A cikin shekarar nan kuma tana nan mamba, duk wani nauyi da ke kanta sai ta sauke.

Nan ne aka fi rikicewa. Ranar 28 ga Janairun 2024 gwamnatocin uku suka ce sun fice "nan take", har Mali ta kafa hujja da cewa ai ƙungiyar ce ta fara karya dokokinta da takunkumin da ta ƙaƙaba, don haka wa'adin bai hau kanta ba. Hujjar tana da daɗin ji, kuma gaskiya takunkumin ya gasa talakawa, amma fa babu "nan take" a sashe na 91, shi ya sa ECOWAS ta ci gaba da lissafinta har 29 ga Janairun 2025 sannan ta ce ficewar ta tabbata. Mauritaniya ma da ta fita a 2000 sai da ta jira shekararta.

Rufe boda da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar takunkumi ne, daban yake da ficewa, an ma ɗage shi tun Fabrairun 2024. Sefa kuwa ba kuɗin ECOWAS ba ne, na UEMOA ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wata ƙungiya ce ta daban.

To fasfo fa? Sanarwar da ECOWAS ta fitar ranar ficewar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, mutanen ƙasashen uku su shiga su fita ba biza, su zauna su yi sana'arsu, kayansu ma a bi da su kamar da. Sai dai ta ƙara da cewa har zuwa lokacin da za a sake wata sanarwa, kuma wannan 'yar jimlar ce ni ta fi damuna, don abin da a da haƙƙinka ne a ƙarƙashin yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, yanzu ya koma alfarma da za a iya janyewa a zama ɗaya.

Laifin na sashe na 91 ne kansa. Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai ya tanadi shekara 2 na tattaunawa a kan sharuɗɗan rabuwa, Birtaniya ta miƙa takardarta a Maris 2017, da ƙarin wa'adi da komai ba ta fita ba sai 31 ga Janairun 2020, kuma ta fita ne da rubutacciyar yarjejeniya a kan haƙƙin mazauna da kuɗin da za ta biya. Namu kuwa ko kalma ɗaya bai ce ba a kan ɗan kasuwa ko ɗalibi ko matar da aure ya kai ƙetaren iyaka, an bar makomarsu a hannun duk abin da shugabanni suka daidaita a kai daga baya.