Ma'anar Ƙaramar Shanyewar Ɓarin Jiki da Alamominta

Abin da likitoci ke taƙaitawa da haruffan TIA, wanda ake iya kira ƙaramar shanyewar ɓarin jiki, yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe wata jijiya da ke kai jini ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sannan ya narke ko ya wuce kafin sashen da ya rasa jinin ya mutu. A da ana cewa duk alamomin da suka gushe cikin awa 24 su ne TIA, amma a shekarar 2009 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta mayar da ma'aunin kan hoton ƙwaƙwalwa: idan hoto ya nuna tabo, to shanyewar jiki ce cikakkiya, ko da mutum ya miƙe garau. Galibi dai abin ba ya kai awa guda, sau da yawa ma mintuna kaɗan ne.

A ganina kalmar "ƙarama" tana yaudarar mutane, domin alamomin ba su da bambanci da na babbar, kuma farat ɗaya suke zuwa. Mutum yana tsaka da shan shayi sai kofi ya suɓuce masa, hannu ko ƙafar ɓari ɗaya ta yi nauyi ko ta mutu, baki ya karkace, harshe ya sarƙe, ko kuma ya ji ana magana da Hausar da ya tashi da ita amma ya kasa gane abin da ake faɗa. Wani kuma ido ɗaya ne zai rufe kamar an saki labule, wani ya ga abu ɗaya ya zama biyu, ko jiri ya kwashe shi ya riƙa tangaɗi. Dalilin da ya sa matsalar ke tsayawa a ɓari ɗaya shi ne sashen hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa gefen dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane a hagun ne cibiyar magana take, shi ya sa mutuwar hannun dama da sarƙewar harshe sukan zo tare.

Gwajin da ake yi a gida ba shi da wuya: a sa mutumin ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya maimaita gajeriyar jimla. Idan ko ɗaya ya gagara, a lura da lokacin da abin ya fara, a wuce asibiti nan take, ko da alamomin sun gushe a hanya.

Wannan gushewar ce tarkon. A gidajenmu akan ce gajiya ce, ko iska ce ta taɓa shi, a yi tofi da hayaƙi, a gode wa Allah da ya tashi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma kwanaki biyun farko su ne mafi haɗarin aukuwar babbar shanyewa. Wani bincike da Farfesa Peter Rothwell ya jagoranta a Oxford ta Ingila, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa fara magani cikin gaggawa ya rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin ɗari.

A asibiti za a auna hawan jini da sukari, domin faɗuwar sukari takan kwaikwayi waɗannan alamomi, a duba bugun zuciya da jijiyoyin wuya, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Hawan jini ne kan gaba wajen haddasa matsalar, sai ciwon suga, shan taba, yawan kitse a jini da rikicewar bugun zuciya, kuma amosanin jini yakan jawo ta har ga yara ƙanana. Asfirin yana cikin magungunan da ake bayarwa, amma likita ne zai yanke hukunci, domin idan jijiya ce ta fashe ba toshewa ta yi ba, asfirin zai ƙara zubar jinin ne.