Tambayoyin masu shagon gem a Accra: wasa mai tangarɗa, da abin yi idan ƙasa ta girgiza

Waɗannan amsoshi na masu shagunan gem ne, wato wuraren buga wasan bidiyo, a unguwannin Nima, Maamobi da Sabon Zongo, inda yara ke cika ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya tun daga la'asar har dare.

Malam, sabon wasa ya fito, yara sun matsa mini, amma an ce yana da tangarɗa. In saya ko in dakata?

Sai ka san irin tangarɗar. Akwai wadda hoto kawai take ɓatawa, ɗan wasa ya ratsa bango ko fuska ta yi jinkirin fitowa. Wannan ba ta hana ciniki. Wadda ke rufe wasan ana tsaka da bugawa, ko ta goge ajiyar inda aka tsaya, ita ce abin gudu, domin a shagon da ake biyan kuɗin lokaci kullum sai an yi rigima a kanta. Kafin ka biya, nemi bidiyon wasan a kan irin na'urarka. Wasan da ke tafiya sumul a na'urar PlayStation 5 (PS5) yana iya ɗingishi a tsohuwar PS4. Haka wasan Cyberpunk 2077 ya yi a Disambar 2020, har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, PlayStation Store, bai koma ba sai Yunin 2021.

In ya ƙi aiki, ana mayar da kuɗi?

Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, na mayarwa cikin kwana 14, muddin ba ka kai awa 2 kana bugawa ba. PlayStation Store ma kwana 14 ne, amma da ka fara sauke wasan damar ta wuce, sai dai in an tabbatar yana da lahani. Faifan da ka sayo a kasuwar Circle ta Accra kuwa, a gwada shi a gaban mai kayan. Ka kuma sa kuɗin data a lissafi, don gyaran da kamfani ke turowa yakan kai gigabait gommai. Kada ka sabunta manhajar na'ura ba UPS, wato batirin da ke riƙe wuta, domin dumsor, wato ɗaukewar wuta, a tsakiyar aikin yana iya lalata ta.

Ita girgizar ƙasa, da gaske abin damuwa ce a Accra?

Ƙwarai kuwa. Ranar 22 ga Yuni 1939 an yi wadda ƙarfinta ya kai wajen 6.5, mutum 17 suka rasu, fiye da 130 suka ji rauni. Kafin ita an yi wata babba a 1862. Tsagar dutse biyu ne a ƙarƙashin yankin, ɗaya ta bi tsaunukan Akwapim, ɗaya ta bi gaɓar teku, shi ya sa Weija, McCarthy Hill da Gbawe suka fi jin motsin, kamar yadda aka ji ranar 12 ga Disamba 2022. Babu na'urar da ke faɗin ranar da za a yi ta. Duk saƙon WhatsApp da ya sa rana da awa, ƙarya ce.

To in ta zo shago cike da yara, me zan ce musu?

Ka ɗaga murya: kowa ya durƙusa, ya shige ƙarƙashin tebur, ya riƙe ƙafar teburin. Wanda bai samu tebur ba ya tsuguna jikin bangon ciki, nesa da taga da talabijin, ya rufe kai da wuya da hannuwa. Kada ka bari su ruga ƙofa. Yara ashirin a ƙofa ɗaya tattake juna za su yi, kuma bakin gini nan ne bulo, gilashi da allon talla ke faɗowa. A lungunan zango ga wayoyin lantarki a sama.

In motsi ya tsaya, kashe babban makunnin wuta, ka fitar da su ɗaya bayan ɗaya zuwa fili. In ka ji warin gas, kada a ƙyasta ashana. Ana iya samun ƙananan girgiza daga baya, don haka ba a komawa ginin da ya tsage. Lambar gaggawa ita ce 112.

Me zan gyara tun yanzu?

Talabijin ce farko. Ka ɗaure ta a bango da ƙarfen riƙo da manyan sukurori masu shiga bulo, ƙusa ba ta isa ba. Kanta mai tsawo a kafe ta a bango, kaya masu nauyi irin UPS da lasifika su sauko ƙasa. Gaban kantar na'urori a buga ɗan katako mai tsayin santimita 3 zuwa 5 don kada su zamo. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, kada a sa benci a hanyarta, kuma kada a kulle ƙofar ƙarfe alhali yara na ciki. Ajiye tocila da akwatin taimakon gaggawa inda yaron shago ya sani, ka kuma gwada durƙuson da yaran duk bayan 'yan watanni.