Shakazoba a ƙananan motocin tsere

Shakazoba, wadda makanikan Damagaram suka fi kira amortisa, na'ura ce da ake ɗaurawa tsakanin ƙafar mota da jikinta domin ta kwantar da tsallen sifirin. Nauyin mota sifirin ne ke ɗauke da shi. Aikin shakazoba shi ne ta hana shi ci gaba da lilo bayan taya ta faɗa rami, ta yadda tayar za ta zauna a ƙasa, birki da sitiyari su yi aiki.

Tarihi

Filin tsere ne ya raini wannan na'ura. Wajen 1898 wani Bafaranshe mai suna Truffault ya ƙera ɗaya daga cikin na farko da aka sani, ya ɗaura wa keke. Faya-fayai ne da ke gugar juna, ana ɗaure su da noti gwargwadon taurin da ake so. Ba'amurke Edward Hartford ya gan ta, suka haɗa hannu aka mai da ta ta mota. A farkon shekarun 1900 motocin tsere na Faransa suka karɓe ta tun kafin motocin gida.

Mai aiki da mai ta biyo baya. Maurice Houdaille ya yi rajistar tasa wajen 1908, kuma da Ford ya fito da Model A a 1927 irinta ya sa. Mai siffar bututu, wadda kowa ya sani a yau, ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Koni na Holan ya fito da wadda ake iya daidaita taurinta a wajen 1945. Babban sauyi ya zo a farkon shekarun 1950, lokacin da Christian Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro mai bututu ɗaya, wadda aka ɗura wa iskar naitorojin don ta danne man ya daina kumfa. Bilstein na Jamus ya karɓi fasahar, Mercedes-Benz ya fara sa ta a motocin kasuwa a 1957.

Gasar Paris-Dakar, da aka fara a ƙarshen 1978, ta ratsa Nijar sau da dama ta Agadas da Tenere, ta kuma nuna cewa ƙaramar mota ba abin rainawa ba ce: ƴan'uwa Claude da Bernard Marreau sun zo na uku a 1980 da Renault 4.

Yadda take aiki

Fistan ne ke kai da komo cikin bututu mai cike da mai, man yana kutsawa ta ƙananan bawul. Ƙarfin jijjiga ya koma zafi. Idan zafin ya yi yawa man ya tsinke ko ya yi kumfa, sai shakazoba ta saki. Wanda ya yi gudu a kan gargada ya taɓa bututun zai ji ba ya taɓuwa.

Zaɓi a hanyoyin Damagaram

A nan ne masu sha'awar tsere suka fi yin asara. Yawancin kayan da ake tallatawa don Starlet ko Corolla an ƙera su ne don kwalta mai sumul, suna gajarta mota su taurara ta. A hanyar jar ƙasa ko ta rairayi, kamar waɗanda ke ratsewa daga titin Tanut da na Magarya, irin wannan cutarwa take yi. Abin da mota ke bukata shi ne tsawon tafiya, wato tazarar da ƙafa ke samu ta hau ta sauka, da kuma jure zafi, tun da a Afrilu da Mayu yanayin garin kan wuce digiri 40.

Mai bututu biyu ta fi araha, kuma ko dutse ya lotsa bututun waje tana ci gaba da aiki, amma tana saurin kumfa. Mai bututu ɗaya ta fi fitar da zafi, sai dai lotsawa ɗaya kan kama fistan. Mai tankin mai a gefe ta fi su duka juriya, kuɗinta kuwa kan yi wa mai tseren sha'awa nauyi.

Dole taurin shakazoba ya dace da sifirin. Idan ta cika riƙe dawowar ƙafa, a kan gargada motar takan riƙa nutsewa kaɗan-kaɗan har ta zauna kan robar tsayawa, gaba ya daina jin sitiyari. Ana canza shakazoba biyu-biyu, hagu da dama. A duba robar da ke rufe sandar, domin ƙurar hunturu na cinye abin da ke tare mai, a kuma ƙarfafa mazaunin sama, wanda kan tsage a ƙananan motoci.

Ta hannu, wadda ake kawowa ta Kwatano da Kano, ido ba ya gane lafiyarta. Danna mota da hannu a ga ko za ta yi lilo yana tona wadda ta mutu sarai ne kawai.

Saɓani

Makanikai sun rabu kan ko mai gas, wato wadda aka ɗura wa naitorojin, tana ɗaga mota. Tana ɗagawa kaɗan, amma ba ta maye gurbin sifirin da ya gaji.