Antibodin gano makarɓin GHRH

Antibodin gano makarɓin GHRH sinadari ne da masu bincike ke amfani da shi a ɗakin gwaje-gwaje don su ga inda furotin GHRHR, wato makarɓin da ke karɓar homon GHRH mai sa a saki homon girma, yake a cikin tsokar jiki, da kuma yawansa. Ba magani ba ne, ba a kuma auna marar lafiya da shi.

Makarɓin yana manne a jikin ƙwayoyin gaban glandar pituitari, can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Idan homon GHRH ya sauko ya kama shi, sai ƙwayar ta saki homon girma cikin jini. An gano GHRH a 1982, aka fayyace tsarin makarɓinsa a 1992. A jikin mutum makarɓin yana da amino asid 423 (tubalan ginin furotin), kuma ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 7. Inda ta lalace, yaro ba ya tsawo yadda ya kamata, kamar yadda aka gani a wasu dangi a Itabaianinha ta ƙasar Brazil da kuma yankin Sindh na Pakistan.

Yawanci ana haɗa ɗan guntun furotin ɗin, a yi wa zomo allurarsa, bayan makonni a ɗebi jininsa a tace antibodin da jikinsa ya ƙera don kama wannan guntun. Da shi ake rina siririn yankin tsoka a duba a madubin likita, ko a raba furotin bisa nauyinsu a nemi layin makarɓin. Lissafi yana ba makarɓin nauyin kimanin kilodalton 47 (ma'aunin nauyin furotin), amma sukarin da ke rataye da shi yakan sa ya fi haka nauyi.

Wahalar tana wajen tabbatarwa. Makarɓin yana da 'yan'uwa masu kama da shi ƙwarai, irin su makarɓan homon sikiritin da na gulukagon, ga kuma wani gajeren nau'insa mai suna SV1 da ake samu a wasu ƙwayoyin ciwon daji. Antibodi yakan kama abin da ba shi aka aike shi ba, ya ba da launi mai kyau da ke yaudarar ido. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya yarda da abin da ke rubuce a jikin kwalba. Sai ya gwada a pituitari, inda dole launi ya fito, sannan a ƙwayoyin da aka cire wa makarɓin gaba ɗaya. Idan can ma launi ya bayyana, wannan antibodin bai cancanci a gina sakamako a kansa ba.