Binciken jaka a ƙofar makaranta da sirrin 'yan matanmu: tambayoyi da amsoshi

Ranar wata Litinin 'yar ƙanwata ta dawo daga lise, wato makarantar sakandare, tun ƙarfe tara na safe, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, abinci ma ta ƙi ci. Sai bayan la'asar uwarta ta samu ta lallashe ta har ta yi magana. Ashe a bakin ƙofa ne ana layin binciken jaka, sirbeyan, wato mai kula da ladabin ɗalibai, ya karɓi tata ya kife a kan tebur kamar mai zazzage buhun gero, littattafai suka zubo, biro ya gangara, sai ga audugar mata guda biyu a ƙasa gaban yara maza. Ya ɗau ɗaya da yatsu biyu ya ɗaga sama yana tambaya da faransanci wai wannan kuma mene ne. Shi a nasa ganin raha yake yi. Yarinya 'yar shekara 13, wata uku kenan da fara ganin al'ada. Kwana huɗu ba ta koma ba.

Da yake ina cikin kwamitin iyayen yara na APE, tun ranar ban huta da tambaya ba nan Garwa ta Kamaru, a gidan suna, a islamiyya, har a layin niƙa. Ga waɗanda aka fi yi min da abin da nake amsawa.

Anti, wai me ya kawo binciken nan ma tun farko? Mu a zamaninmu ba a yi.

Ba a yi kam, amma zamaninmu ba a ga abin da aka gani daga baya ba. A watan Yunin 2015 aka tashi bamabamai a Njamena, gwamnatin Cadi ta hana sa burƙa. A Yuli aka kai hari Fotokol a nan Kamaru, gwamnan jihar Arewa Mai Nisa shi ma ya hana rufe fuska, sannan ranar 22 ga watan bam ya tashi a Marwa, ɗaya wajen babbar kasuwa ɗaya a Barmare, kuma ƙananan 'yan mata aka ɗaura wa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mana rai, don daga lokacin yarinya mai hijabi da jaka ta zama abar tuhuma a kasuwa da tasha da ƙofar makaranta. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Sai kuma matsalar cikin gida. A Janairun 2020 wani ɗalibi ya daɓa wa malaminsa na lissafi wuƙa a wata lise da ke Nkolbisson a Yawunde, malamin ya rasu, ƙasa duka ta girgiza. Ga tiramol da yara ke sha, ga reza, ga waya da aka hana shiga da ita. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a daina bincike, ni ma ina da ɗa namiji a makarantar nan kuma ina so ya dawo min da ransa. Rigimata kawai wa ke binciken, a ina, kuma ta yaya.

Hajiya, in dai don tsaro ne ai sai yarinya ta haƙura, kunyar minti ɗaya ce fa.

Wani maƙwabcinmu ne ya faɗa min haka, dattijo mai mutunci, na ce masa Alhaji minti ɗaya ne a wurinka. Ita 'yar ƙanwar tawa kafin a tashi hutun ƙarfe goma yara maza sun raɗa mata suna, har yau wani in ya gan ta sai ya toshe hanci. Kuma sauran 'yan matan da ke layi duk sun gani, sun ɗau darasi, darasin kuwa shi ne kar ki kuskura ki sa auduga a jaka.

To mu bi abin a hankali. Yarinya ta sa auduga ɗaya ƙarfe shida da rabi na safe ta fita, ba za ta dawo gida ba sai uku da rabi ko huɗu na yamma, awa tara kenan, alhali ƙa'ida a canja bayan awa 4 zuwa 6, ranar da jini ya yi yawa ma ba ta kai haka. Ku tuna zafin Garwa a Maris da Afrilu, ya wuce digiri 40, aji cike, benci ɗaya mutum uku ko huɗu, gumi na zuba. Daga nan sai ƙaiƙayi da saɓar fata a matsematsi, sai wari, sai ya ɓata mata tufafin makaranta ta kasa tashi in malami ya kira ta allo, ya ɗauka taurin kai ne ya kore ta waje, ta tashi kowa ya gani. Wata ta daina shan ruwa tun safe don kar fitsari ya kama ta. Wata kuma ta ga duk wahalar nan ba za ta iya ba ta yi zamanta a gida kwana uku duk wata, ki lissafa daga Satumba zuwa Mayu, wajen kwana 27 kenan, a shekarar da za ta zauna BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Garin neman gira an rasa ido.

Kuma kar a raina abin da kunya ke yi wa yaro mai tasowa. A Kenya a 2019 wata yarinya 'yar shekara 14 ta kashe kanta bayan an kunyata ta a aji ranar da al'ada ta zo mata ta ɓata mata kaya, har iyaye suka fito zanga-zanga. Allah ya kiyaye mana.

Malama, shin malami ko sirbeyan yana da hurumin tambayar yarinya ko tana al'ada kafin ya bar ta ta fita bayi?

Ba shi da shi. Kuma wallahi wannan ta fi kife jakar ciwo, don kullum ake yi. Yarinya ta ɗaga hannu ta ce za ta zaga, malami ya ce me za ki yi, ba yanzu aka dawo daga hutu ba? Tana gaban mutum tamanin, rabi maza, me za ta ce? Na ma ji inda aka ce sai mai gadi ya ga abin da ke hannunta kafin ya buɗe mata.

A dokance, dokar ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilun 1998, sashe na 35, ta ce an lamunce wa ɗalibi kare jikinsa da mutuncinsa, ta hana duka da kowane irin cin zarafi da wariya. Sashen nan ɗin dai shi ne ya hana giya da taba da ƙwaya a makaranta, wato dokar da ta ba su dalilin nemo tiramol ita ce ta hana su tozarta yaro, ba a ɗaukar rabi a bar rabi. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 da Kamaru da Cadi duk suka amince da ita, sashe na 16 ya kare sirrin yaro, na 28 ya ce horon makaranta ya zama ta hanyar da ba ta zubar masa da daraja.

Mu kuma tun kafin Majalisar Ɗinkin Duniya an hana mu bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat aya ta 12. Shi ya sa nake roƙon malaman islamiyya su ma, don ba boko kaɗai ke da laifin nan ba: lokacin azahar ka ga yarinya ta zauna gefe, kar ka ce ke me ya hana ki sallah gaban jama'a. Da azumi ka gan ta ta ɓuya tana kurɓar ruwa, kau da kai. Na san 'yan matan da ke shiga sahu su yi sallar ƙarya ba alwala don kawai kar a gane suna fashin sallah. Mu muka tura su.

Amma Hajiya ke ma kin san wasu a cikin ledar audugar suke ɓoye waya da ƙwaya.

Na sani, ba zan yi musu ba. Wata sirbeyan mace ta taɓa ba ni labarin ƙaramar waya da ta zaro daga tsakiyar fakiti, kuma yara maza ma kan ba 'yan mata ajiya don sun san ba a cika matsa musu ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. To a duba mana, wa ya hana? Amma mace ta duba mace. Layi biyu, na maza daban na mata daban, a sa labule ko tabarma biyu a gefen ƙofa ko a yi amfani da ɗakin mai gadi, yarinya ta buɗe jakarta da hannunta, malama ta leƙa, in ta ga fakiti ta matsa shi da hannu, waya dai ba ta da laushin auduga. Makarantar da ke da na'urar nan ta hannu mai ƙara in ta ji ƙarfe, wuƙa da reza da waya duk za ta nuna su ba sai an zazzage komai ba. Ƙwaya ce ba ta nunawa, ita kuma mai shanta a ido da tafiya ake gane shi tun kafin a kai ga jaka.

Ku gaya min wane abu guda na tsaro aka rasa in an yi haka. Babu wuƙar da za ta wuce don labule ya tare idon yara maza. In an ce malamai mata sun yi kaɗan, gaskiya ne a makarantun ƙauye musamman, sai APE ta ɗauki uwa ɗaya ko biyu daga unguwa ana ba su ɗan abin sabulu, kuɗin da muke biya duk shekara ai na irin wannan ne.

To in aka koma jakar roba mai gani-har-hanji fa, ba shi kenan an huta da bincike ba?

An gwada a Amurka. Bayan harbin da aka yi a wata sakandare a Parkland ta jihar Florida a Fabrairun 2018, inda mutum 17 suka mutu, aka tilasta wa ɗalibai irin jakar nan. 'Yan mata suka yi ta ƙorafi, har wani ɗalibi namiji ya cika tasa da kayan al'ada don ya nuna yana bayansu. Jakar da kowa ke ganin cikinta daga gida har makaranta a kan mashin, ai kife jaka ne na duk yini. In dole sai an yi, a yarda da ƙaramar jakar yadi a ciki wadda mace kaɗai za ta buɗe.

Anti, malaminmu ya ce ƙarya nake don na nemi izini sau biyu a wata ɗaya. Ni kuma tawa ba ta da tsayayyar rana, ko ciwo gare ni?

'Yata ba ƙarya kike ba, kuma galibi ba ciwo ba ne. Shekara biyu zuwa uku na farko haka take wa yawancin 'yan mata, tsakanin wannan da waccan zai iya zama kwana 21, zai iya kaiwa 45. In taki ta zo ranar 2 ga wata ta sake zuwa ranar 24, ga sau biyu nan a wata ɗaya kuma lafiyarki ƙalau. Jinin kan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Ko a babin haila na Ahalari da kuke karantawa an ware hukuncin mai farawa daban da na wadda ta saba, malaman fiƙihu sun san da wannan tun tuni, malaminku ne bai sani ba.

Inda za ki gaya wa Inna ta kai ki asibiti: in ya wuce kwana 7, in kina jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, in kina jin jiri da kasala, in ciwon mara na kwantar da ke duk wata, ko ta ɗauke sama da wata uku. Kuma don Allah kar ki karɓi tiramol a hannun ƙawa wai maganin mara. Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta ranar da ta zo, sannan kullum a samu auduga ko ƙunzugu mai tsabta guda biyu da kamfai ɗaya da leda a 'yar jaka, ko ba kya tsammani.

Yaya, in an yi wa tawa irin haka ina zan kai kuka?

Kar ki je ƙofa ki yi faɗa da wanda ya yi, yarinyar ce za ta biya daga baya. Ki fara da babban sirbeyan, in bai ji ba sansar, wato mataimakin shugaban makaranta, sannan purobizer, shugaban makarantar kansa, kuma ki kai a rubuce da kwanan wata ki riƙe kwafi, don maganar baki a ofis iska ce. In makaranta ta yi shiru akwai ofishin wakilin ma'aikatar ilimin sakandare na departema, wato gunduma. Ma'aikatar ba dutse ba ce, a Afrilun 2022 minista Nalova Lyonga ta fitar da takardar da ta ba ɗaliba mai ciki damar ci gaba da zuwa aji maimakon kora, abin da a da ko a mafarki ba a zata ba. Labule a bakin ƙofa bai kai wannan wuya ba.

Ki tafi da ubanta in zai yarda. Na san mazanmu da jin an ce haila sai su fara neman takalmi, amma Nana A'isha ta yabi matan Ansar don kunya ba ta hana su tambayar addini ba, kuma gaskiya a ofis an fi tashi tsaye in aka ga babbar riga. Kada kuma ku tsaya kan bincike kaɗai, ku zagaya ku ga bayin 'yan matan da idonku. Namu da muka je, ƙofa uku cikin biyar ba sakata, yarinya ɗaya na ciki ɗaya na tsaye ta tokare ƙofa da baya, ba ruwa, ba buta, ba kwandon zuba abin da aka cire, shi ya sa suke ƙunshe shi a leda su mayar jaka, jakar da gobe za a kife a kan tebur.

Mu dai a zaman APE da ya biyo baya mata goma sha ɗaya muka tashi, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Purobizer ya saurara, ya ce zai yi wa sirbeyan ɗin magana, an kuma raba layi biyu, wata malamar turanci ke duba na mata. An sa sakata a ƙofa biyu. Labulen har yanzu ana jiran kuɗi wai, sai da uwar yarinyar ta cire tsohon zanen gado ta kai musu, shi ne rataye a wurin da igiyar shanya.