Ciwon Zuciya na Masu Jego

Ciwon zuciya na masu jego wata irin gazawar zuciya ce da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, alhali ba a san ta da wani ciwon zuciya ba kafin nan. Naman zuciyar ne ke yin rauni, musamman ɗakin hagu na ƙasa wanda ke tura jini zuwa sassan jiki. Ɗakin sai ya buɗe ya saki kamar tsohuwar salka, bugunsa ya rasa ƙarfi, ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu da ciki. A yawancin ƙasashen duniya ba kasafai ake ganin cutar ba. A arewa maso yammacin Najeriya kuwa, yankin da Kebbi da Zamfara suke ciki, alƙaluman asibitoci sun nuna yawan da ba a samu irinsa a ko'ina ba, abin da ya sa ƙasar Hausa ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren binciken wannan cuta tun shekarun 1970.

Alamomi da yadda ake ganowa

Alamar farko yawanci haki ne. Mace ta ga ɗan aikin da ta saba yi, kamar shara ko ɗaukar bokitin ruwa daga bakin rijiya zuwa ɗaki, ya fara gagararta. Daga nan sai kwanciya ta zama wahala: in ta miƙe a gado numfashi ya ɗauke, dole ta tara matasan kai ko ta kwana a zaune jingine da bango. Tari na biyo baya, ya fi tsananta da dare, wani lokaci da kaki mai kumfa. Ƙafafu su kumbura har in an danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Ciki ma yakan cika da ruwa, ga faɗuwar gaba da kasala.

Matsalar ita ce kusan duk waɗannan alamu mace mai tsohon ciki ko sabuwar haihuwa takan ɗan taɓa su, don haka a gida sai a ce ai nauyin ciki ne, ko sanyi ne ya shige ta, ko jini ne bai gama fita ba. A ƙaramin asibiti ma akan ɗauka ciwon huhu ne ko ƙarancin jini, a ba da magani a sallame ta. Abin da ke raba gardama shi ne hoton zuciya na na'urar eko, wanda ke nuna girman ɗakunan zuciya da kason jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya na fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin ɗakin. Ma'aunin da kwamitin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ya fitar a 2010 ya ce ana kiran ciwon da wannan suna ne idan kason ya faɗi ƙasa da kashi 45 cikin 100, kuma an bincika ba a sami wani dalili na daban ba, kamar lalacewar ƙofofin zuciya ko tsohon hawan jini. Tsohon ma'aunin da Demakis da abokan aikinsa suka kafa a Amurka a 1971 ya taƙaita lokacin ne daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa. Na 2010 ya sassauta wannan iyaka.

Yawan cutar

A Japan ana samun mace ɗaya a cikin haihuwa wajen 20,000. A Amurka ɗaya ce cikin 1,000 zuwa 4,000, a Afirka ta Kudu ɗaya cikin 1,000, a Haiti ɗaya cikin 300. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, binciken da Isezuo da Abubakar suka buga a 2007 ya samo ɗaya cikin haihuwa 102. Wannan adadi ya shafi Kebbi da Zamfara kai tsaye, domin jihohin biyu daga tsohuwar jihar Sakkwato aka cire su, Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, kuma har yau asibitin na karɓar majinyatan da ake turowa daga Argungu, Birnin Kebbi, Talata Mafara, Gusau da ƙauyukansu. Sai dai adadin asibiti ne, kuma babban asibiti dama can matattarar masu tsananin ciwo ne, don haka ba a ɗora shi kai tsaye a kan dukan matan gari.

Binciken Zariya da zargin wankan jego

Bincike mai zurfi na farko a ƙasar Hausa an yi shi ne a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Davidson da Parry sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego, suka buga sakamakon a 1978. Sun lura cewa mafi yawansu Hausawa ne, cewa da dama jininsu ya hau a lokacin da aka kawo su, kuma cewa cutar na da lokacin da ta fi yawa a shekara. Daga nan hankalinsu ya koma kan al'adun jego.

Al'adun kuwa sanannu ne daga Zariya har Yawuri. Mai jego na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya ana fyaɗa mata a jiki, har kwana arba'in, wasu ma su zarce, musamman a haihuwar fari da ake zuwa wanka gida. A wasu wurare akan hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta a kai. Sannan ga kunun kanwa, wanda ake dama mata don ruwan nono ya zo kuma jiki ya yi ƙwari. Manufar duka ita ce a kori sanyi. Kanwa kuwa cike take da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke cikin gishiri, kuma shi ke riƙe ruwa a jiki. Bayanin da likitocin Zariya suka kawo shi ne: kanwa na ƙara yawan ruwan da ke zagaye a jijiyoyi, zafi na buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, sai nauyin biyu ya haɗu a kan zuciyar da ba ta gama hutawa daga wahalar ciki ba. A 1979 Sanderson da abokan aikinsa, su ma a Zariya, sun duba irin waɗannan mata da na'urar eko, suka tarar da yawansu zuciyar na bugu da ƙarfinta, ruwa ne kawai ya yi mata yawa. Wato wani kaso na abin da aka gani a Zariya ba shi ne ciwon da ma'aunin yau yake nufi ba.

Wannan bayani ya shiga littattafan koyar da likitanci a duniya, ya zauna shekara da shekaru, har ya zama da an ambaci ciwon a Najeriya sai a ce wankan jego da kunun kanwa.

Abin da binciken baya-bayan nan ya nuna

Babban binciken da ya sake auna zancen shi ne rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, aka buga sakamakonta a 2020. An tattara mata 406 masu ciwon daga asibitoci 22 a faɗin Najeriya, aka gwada su da lafiyayyun masu jego. Fiye da kashi 70 cikin 100 na majinyatan daga arewa maso yamma suka fito, inda aka sami ɗaya cikin haihuwa 96. Amma da aka tace alƙaluman, ba a ga alaƙa tsakanin ciwon da al'adun jego ba, haka ma kasancewar mace Bahaushiya ko Bafulatana. Abubuwan da suka fito fili su ne rashin karatun boko, rashin sana'a, rama, da hawan jinin masu ciki, wato wanda ke zuwa da kumburi da furotin a fitsari kuma kan kai ga jijjiga.

A taƙaice talauci da rashin abinci mai gina jiki sun fi tukunyar ruwan zafi laifi. Hakan bai wanke kanwa gaba ɗaya ba. Macen da zuciyarta ta riga ta raunana, kowane kofin kunun kanwa ƙarin ruwa ne a huhunta, kuma likitoci na hana shi da zarar an gano ciwon. Bambancin shi ne tsakanin abin da ke haddasa cuta da abin da ke tsananta ta, kuma wa'azin da ya tsaya kan "ku daina wanka" kawai ya bar babban ɓangaren matsalar a baya.

Wani zaren binciken ya bi ta kan seleniyam, sinadarin da jiki ke bukata kaɗan don kare ƙwayoyinsa daga lalacewa, wanda kuma yawansa a hatsi ya dogara da ƙasar da aka noma shi. An daɗe da sanin cewa rashinsa na raunana zuciya, saboda cutar Keshan, wani ciwon zuciya da aka gani a ƙasar Sin. A 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai sun sami ƙarancinsa a jinin masu jegon da ke da ciwon, kuma binciken Kano na 2015 ya sake samun haka a mafi yawan majinyatansa. Da aka gwada ba da ƙwayar seleniyam tare da sauran magunguna, alamun ciwon sun ragu, amma ba a ga ya dawo da ƙarfin bugun zuciyar ba. Har yanzu bai shiga jerin magungunan da aka tabbatar ba.

Furolaktin da gado

A 2007 ƙungiyar masu bincike ta Denise Hilfiker-Kleiner a birnin Hanoba na Jamus ta nuna, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa furolaktin, sinadarin da ke sa ruwan nono, kan tsinke ya ba da wani guntu mai guba idan zuciya na cikin matsi. Guntun na lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya. Wani bincike na 2012 ya ƙara da cewa mabiyiya na fitar da wani furotin a ƙarshen ciki mai hana jijiyoyin jini walwala, kuma ya fi yawa ga masu hawan jinin ciki da masu ɗauke da tagwaye, wanda ya yi daidai da abin da likitoci suka daɗe suna gani a ɗakin haihuwa. Ta fuskar gado kuma, nazarin da aka buga a 2016 a kan mata 172 ya gano kashi 15 cikin 100 na ɗauke da tawaya a ƙwayoyin halittar da ke gina naman zuciya, akasari a ta furotin taitin. Ga irin waɗannan, ciki ne ke tono raunin da dama yana kwance.

Magani

Maganin shi ne na gazawar zuciya, tare da la'akari da ciki da shayarwa. Ana fara da maganin fitsari irin su Lasix don zuƙe ruwan huhu da ƙafafu. Sau da yawa cikin kwana biyu ko uku macen da ta zo a zaune tana haki za ta iya kwanciya. A nan ne kuma ake yawan yin kuskure, domin sauƙin numfashi ba warkewar zuciya ba ne. Magungunan da ke gyara naman zuciyar su ne masu rage gudun bugu irin su kabedilol da bisofurolol, da dangin enalafiril, da sifironolakton, kuma ana shan su wata da watanni. Dangin enalafiril haramun ne ga mai ciki saboda suna cutar da ƙodar ɗan tayi. Kafin haihuwa akan maye gurbinsu da haidiralazin da naitiret, bayan haihuwa kuma ana iya shan enalafiril ana shayarwa. Idan bugun ya yi rauni ƙwarai, jini kan daskare a cikin zuciya ya ɓalle ya haifar da shanyewar ɓarin jiki, don haka akan ƙara maganin tsinka jini.

Bromokiriftin, wanda ke tsayar da furolaktin, an fara gwada shi a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, aka buga sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2010, sannan wani gwaji a Jamus a 2017. Likitocin Turai sun yarda a yi la'akari da shi, tare da maganin tsinka jini. Illarsa ita ce yana ƙafar da nono. A gidan da ba a iya sayen madarar gwangwani kuma ruwan sha ba shi da tsabta, tsayar da nono na iya zama hukuncin kisa ga jariri, shi ya sa likitoci a wannan yanki ke auna shi da taka-tsantsan.

Sakamakon jinya ya bambanta ƙwarai. A binciken IPAC na Amurka ta Arewa da aka buga a 2015, kashi 72 cikin 100 na mata 100 zuciyarsu ta farfaɗo cikin shekara guda. A bibiyar majinyatan PEACE kuwa, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta dawo daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. 'Yan ƙasa da shekara 20 da waɗanda suka zo jininsu ya faɗi sun fi shiga haɗari, masu shan maganin rage gudun bugu a kai a kai kuma sun fi tsira.

Halin da ake ciki a Kebbi da Zamfara

Mafi yawan haihuwa a jihohin biyu a gida ake yin ta, a hannun ungozoma ko tsofaffin gida, kuma mata da yawa ba sa zuwa awon ciki, inda nan ne ake kama hawan jini tun bai yi nisa ba. Na'urar eko da likitan da zai karanta ta sai a manyan asibitoci, irin su asibitin tarayya na Birnin Kebbi da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko a wuce Sakkwato. Al'adar zaman ɗaki har a yi arba'in na jinkirta fita neman magani daidai lokacin da ciwon ya fi bayyana, kuma a sassan Zamfara irin su Anka, Maru da Shinkafi rashin tsaro a hanya ya ƙara wa tafiyar wuya. Kuɗin magani na wata-wata shi ma kan sa a daina sha da zarar kumburi ya saɓe.

Gwajin da aka yi a asibitoci shida na Najeriya, aka buga a 2024, ya nuna cewa abin sauraren ƙirji na zamani mai haɗe da manhajar kwamfuta ya ninka yawan masu raunin zuciya da ake ganowa a cikin masu ciki da masu jego, in an gwada da duba na yau da kullum. Irin wannan kayan aiki ma'aikaciyar jinya na iya riƙe shi a ƙaramin asibiti.

Batun sake ɗaukar ciki shi ne mafi nauyi a shawarwarin da ake ba majinyata. Idan hoton zuciya ya nuna ba ta farfaɗo ba, ciki na gaba na iya kashe uwar, kuma likitoci na ba da shawarar a dakata. Ko wadda ta warke, ciwon na iya dawowa, don haka ana so a duba zuciyar kafin cikin, a kuma bi ta da awo har bayan haihuwa. Wajen tazarar haihuwa an fi son ashanar hannu ko robar mahaifa, ana kuma guje wa ƙwayoyin tazarar haihuwa da ke ɗauke da sinadarin istirojin saboda suna ƙara daskarewar jini. Tunda a yawancin gidaje ba matar kaɗai ke yanke wannan shawara ba, likitoci kan nemi a zo da maigida, wani lokaci har da uwar miji, a yi bayanin a gabansu.