Ma'anar "dikomfireshan", kalmar da masu tallar maganin ciwon baya suka kama

Kwanakin nan da wuya mutum ya buɗe Facebook ko TikTok bai ci karo da bidiyon wani bawan Allah kwance a gado mai inji ba, an ɗaure masa ɗamara a ƙugu, wata a ƙirji, mai talla na cewa wannan shi ne "dikomfireshan", maganin ciwon baya ba tare da tiyata ba. Tallar ba ta dame ni ba, kowa neman abincinsa yake. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne iƙirarin da ake rufe ta da shi, wai na'urar tana mayar da faifan baya (matashin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya) da ya goce mazauninsa.

Sunan aikin na asali tirakshan, ma'anarsa ja. Kalmar Latin ce, tushensu ɗaya da tarakta, wadda ita ma saboda ja aka raɗa mata sunan, ba saboda noma ba. Wanda ya taɓa jinyar mai karayar cinya a asibitin ƙashi ya san shi: igiya, da nauyi rataye a ƙarshen gado yana jan ƙafa don ƙashi ya tsaya a miƙe. Wannan aiki ne na gaske, kuma ba shi ake tallatawa ba.

Jan gadon baya don ciwo kuwa tsohon abu ne. Abuƙrat, likitan Girka, ya bayyana shi kimanin shekara 2,400 da suka wuce: a kwantar da mutum a kan benci, a ɗaura masa igiya a ƙarƙashin hamata da ƙugu, a yi ta murɗa sanda ana ja. Akwai kuma wata dabara a zamaninsa, a ɗaure mai doro a jikin tsani, a ɗaga sama a sako shi ƙasa don girgizar ta miƙar da baya. Shi kansa ya rubuta cewa bai san wanda tsanin ya taɓa miƙarwa ba, kuma masu yin hakan likitoci ne da ke son burge taron 'yan kallo. Ashe tun wancan lokacin kallo yana cikin sana'ar. Tsofaffin likitocin Musulmi Az-Zahrawi na Kurɗuba da Ibn Sina sun kawo jan baya a littattafansu, sannan James Cyriax, wani likita a Landan, ya farfaɗo da shi wajen shekarun 1950.

To daga ina dikomfireshan ta fito? Daga ɗakin tiyata. A can tana nufin likita ya yanka ya cire guntun ƙashi ko na faifai da ke danne jijiya, ya sarara mata. A shekarun 1990 sai gadajen ja masu kwamfuta suka bazu a Amurka, irin su VAX-D, daga baya DRX9000, masu sayar da su suka ari sunan aikin tiyatar suka ƙara masa "ba tare da yanka ba". Hukumar FDA ta ƙasar, mai kula da magunguna da kayan asibiti, kuwa a rukunin injinan ja ta sa su. An dai sauya wa tuwo suna. Kwamfutar tana ja tana sassautawa, tana kuma auna nauyin jan, amma ja ne.

An ma taɓa tallata irin waɗannan gadaje da sunan 'yan sama jannati, wai a sararin samaniya aka gano sirrin. Gaskiya ne gadon bayansu yana miƙewa idan babu nauyi, har tsayinsu ya ƙaru da 'yan santimita. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne da yawansu suna fama da ciwon baya a can, kuma bayan sun sauko haɗarin fashewar faifai ya fi yawa gare su.

Shi faifan nan ba ya gocewa. Muna da 23 a gadon baya, kowanne a manne yake gam da ƙashin da ke samansa da na ƙasansa. Zobe ne mai tauri da wani abu mai yauƙi a tsakiya. Abin da ke faruwa shi ne zoben ya kumbura ko ya tsage, na cikin ya ɓullo ya taɓa jijiya, mutum ya ji zogi na sauka daga ɗuwawu har ƙafa. Abin da bai goce ba, ta yaya za a mayar da shi? Ja yana buɗe tsakanin ƙasusuwan kaɗan yayin da mutum ke kwance, da ya tashi tsaye nauyin jiki ya dawo da su. Barcin dare ma yana yin hakan, shi ya sa muka fi tsawo da asuba a kan almuru. Shi kuwa abin da ya ɓullo, sau da yawa jiki ne ke tsotse shi da kansa cikin watanni. Mutum ya je a ja shi sau ashirin a mako shida, ya ji sauƙi, na'ura ta kwashe yabon.

Hoton MRI, wanda ke nuna cikin jiki, shi ma yana taimaka wa cinikin, don yakan nuna kumburin faifai ko ba shi ke jawo ciwon ba. Wani nazari na 2015 ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 da babu abin da ke musu ciwo suna da kumburin faifai a hoto, a 'yan shekara 80 kuwa ya haura kashi 80.

An gwada jan bayan, ba a bar shi da zato ba. Bitar da Cochrane, ƙungiyar tace binciken lafiya, ta yi a 2013 ta tattara gwaje-gwaje 32 na mutum 2,762, ta samu tasirinsa a kan ciwo da komawa aiki kaɗan ne ko ma babu. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce a 2016 kada a yi wa mai ciwon ƙugu shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da irin wannan shawarar a 2023 game da ciwon da ya daɗe. Ban ce babu mai jin daɗinsa ba. Wasu suna samun sassauci na ɗan lokaci, kuma likitan fisiyo na iya gwada shi tare da motsa jiki. Sayar da shi a matsayin gyaran faifai ne ban yarda da shi ba.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a ja su ba sam: mai ciki, tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, mai karaya ko ciwon daji a baya. A ƙasarmu sai a ƙara tarin fuka na gadon baya, wanda ke cin ƙashi a hankali, ya fara da ciwon baya kamar kowane, tare da rama da zazzaɓi da zufar dare. Mai waɗannan alamu, ko wanda ƙafafunsa ke sanyi suna mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka fara ƙwace masa, asibiti zai nufa a ranar, a duba shi kafin kowa ya ɗaura masa ɗamara.